Tarihin Aiki Daga Nesa: Yadda Kwamfuta Ɗaya Ke Yi Wa Ofis Guda Hidima

Ka taɓa lura cewa a Kano ka buɗe asusun banki, amma idan ka shiga reshensu na Abuja, ma'aikaci na danna lambarka sai komai ya fito? Bayanan ba a cikin kwamfutar gabansa suke ba. Suna can cikin wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, shi leƙawa kawai yake yi daga nesa. To wannan dabara ta girmi intanet ɗin kanta.

A da, kwamfuta ɗaya kan cika ɗaki guda, ga tsadar gaske, kuma aiki ɗaya take yi a lokaci guda. A 1961, Fernando Corbató da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna tsarin CTSS, wanda ya ba mutane da yawa damar amfani da kwamfuta ɗaya lokaci guda, kowa daga teburinsa. Da yake kowa na da fayilolinsa a ciki, sai aka ba kowa kalmar sirri. Wannan tsarin ake dangantawa da asalin kalmar sirrin da muke sakawa yau.

'Yan kasuwa ba su yi sanya ba. Zuwa 1964, kamfanin jirage na American Airlines da IBM sun kammala tsarin SABRE. Manyan kwamfutoci biyu ne a jihar New York, masu sayar da tikiti a garuruwa daban-daban suna shiga ta layin tarho. Kowa lissafin kujeru ɗaya yake kallo, sai rikicin sayar wa mutum biyu kujera ɗaya ya ragu.

Da IBM ta fitar da ƙaramar kwamfutarta ta kan tebur a 1981, sai abin ya juya. Kowane ma'aikaci ya samu tasa, da manhajarsa a ciki. An ji daɗi, amma fa sai wata matsalar ta kunno kai. Lissafin akanta daban, na mai sito daban, idan kuma za a sabunta manhaja sai an bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ya sa aka koma gidan jiya. Ed Iacobucci, tsohon ma'aikacin IBM, ya kafa Citrix a 1989, suka fitar da WinFrame a 1995. A 1998 Microsoft ta kawo nata, Windows NT 4.0 Terminal Server, da tsarin RDP. Yadda yake aiki kuwa, manhajar tana gudana ne a kan uwar garke, hoton fuskarta kawai ake turo maka, kai kuma abin da ka danna ake mayar mata. Shi ya sa tsohuwar kwamfuta, kai har wayar hannunka, za ta iya jan manhaja mai nauyi. Lokacin kullen korona a 2020, da irin wannan ofisoshi da dama suka ci gaba da aiki daga gida.

Sai dai tara komai wuri ɗaya na da haɗarinsa, don wanda ya samu makullin ya samu gidan gaba ɗaya. A 2019 an gano ɓarakar BlueKeep a RDP, wadda ta yi munin da sai da Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP da ta daina kula da ita tun 2014.

Don haka mai shago ko ofis, kar ka bar ƙofar RDP, wato lamba 3389, a buɗe ga intanet kai tsaye, a bi ta VPN. Kowane ma'aikaci ya samu kalmar sirrinsa, ranar da ya bar aiki a rufe ta. A riƙa ajiye kwafin bayanai a wani wurin daban. Kai kuma mai waya, duk baƙon da ya kira ka ya ce ka sauke AnyDesk ko TeamViewer zai gyara maka asusu, kashe wayarka. Makullin gidanka yake nema.

Tura wa wani ɗan kasuwa da ka sani, wataƙila ya amfana.