Ƙofar Gayan da harafin da kwamfuta ke tsallakewa

Ƙofar Gayan ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Zariya, amma a rubuce sunanta ya kasu: Ƙofar Gayan, Kofar Gayan, K'ofar Gayan, har da Kofan Gayan. Mai binciken da ya tara dubban fayiloli ya nemi ɗaya kaɗai, sauran ukun za su ɓace masa, kuma kwamfuta ba za ta sanar da shi ba.

Asalin matsalar ya girmi kwamfuta. Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko sun tarar da sautukan da babu su a abacadarsu, sai wasu suka riƙa ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suka maƙala masa waƙafi. A shekarun 1930 ne haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, suka samu gindin zama a Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta isar da su hannun jama'a. Da su ake rarrabe ƙura da kura, da baƙi da baki.

Kwamfuta kuwa a wani gidan ta tashi. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 ne da shi, babu ƙ a ciki. A kansa Ken Thompson ya rubuta grep a 1973 a Bell Labs ta Amurka, manhajar da ke bin fayil layi-layi tana fito da duk layin da ya dace da abin nema. Sai da Unicode ya zo a 1991 aka ba Ƙ lambarta, U+0198. A 1992 Thompson ɗin nan da Rob Pike suka ƙirƙiro UTF-8, wanda ke adana harafin cikin bayit biyu, alhali K ɗaya take ci. Saboda haka a wurin grep babu dangantaka tsakaninsu.

Maganin shi ne a lissafa mata kowace siga:

grep -rE "(K|Ƙ|K')ofa[rn] Gayan" .

Alamar -r tana sa ta kutsa kowace jakar fayiloli, -E kuma tana ba sandar nan ma'anar "ko". Waƙafin 'ya da 'yan ma tarko ne, domin layin umarni yana ɗaukarsa a matsayin buɗe zance. Dole a kewaye kalmar da alamar zance mai baki biyu. Bugu da ƙari, manhajojin rubutu sukan musanya miƙaƙƙen waƙafi da lanƙwasasshe, a Nijar kuma ƴ ake rubutawa. Idan abin nema yana ɗauke da ɗigo ko tauraro, -F tana hana grep yi musu fassara.

Abin da ke cikin haɗari shi ne tarihin da ake komawa gare shi. Takardun filaye, rahotannin asibitin Gambo Sawaba da ke unguwar, da tsofaffin jaridun da ake mayarwa kwamfuta, duk ta hanyar nema ake isa gare su. Wanda ya adana su da UTF-8, ya kuma rubuta Ƙ a inda take, ya sauƙaƙa wa mai binciken da zai zo bayansa.