Bear Bryant, kocin da ya yi shiru har tura ta kai bango

Daren Asabar, 12 ga Satumba, 1970, mutum fiye da 70,000 suka cika filin wasa na Legion Field da ke birnin Birmingham a jihar Alabama ta Amurka. Wasan da suka zo kallo ba irin tamaular da ake cika gidajen kallo na Nyanya da Kubwa dominta ba ne. Ƙwallon Amurkawa ce, 'yar'uwar zari-ruga, wadda ƙarti ke sanya hular kwano da sulken kafaɗa, su rungumi ƙwallo mai siffar ƙwai su kutsa da ita, ana auna ci gabansu da yadi. A kudancin Amurka wasan jami'o'i ya fi na ƙwararru farin jini, kuma kocin babbar jami'ar jiha yakan fi gwamna suna.

Masu gida su ne 'yan wasan Jami'ar Alabama, babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu. Waɗanda suka zo musu kuwa, Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ake kira USC, mai raba musu ƙwallo Jimmy Jones baƙar fata ne, haka masu gudu da ita biyu da ke bayansa: Clarence Davis, wanda a Birmingham ɗin aka haife shi, da wani matashi mai suna Sam Cunningham. Sau 12 aka miƙa wa Cunningham ƙwallo, ya ci yadi 135, ya kai ta gidan Alabama sau biyu. Aka tashi 42 da 21, masu gida sun sha kashi.

Daga wannan dare aka ƙera wani labari mai daɗin ji. An ce kocin Alabama, Paul Bryant, da gangan ya gayyato USC don mutanensa su ga abin da suke asara da idonsu. An ce bayan wasa ya kama hannun Cunningham ya kai shi ɗakin da yaransa ke sauya kaya, ya ce musu ga yadda ɗan ƙwallo yake. Har aka riƙa yawo da wata magana, wai abin da Cunningham ya yi wa Alabama cikin minti 60 ya fi abin da Martin Luther King ya yi cikin shekara 20. 'Yan wasan Alabama da ke ɗakin sun ce ba a yi haka ba, shi ma Cunningham daga baya ya ce bai tuna an yi ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, a daren nan akwai wani ɗalibi baƙar fata mai suna Wilbur Jackson zaune cikin 'yan kallo. Tun Disambar 1969 Alabama ta ɗauke shi da tallafin karatu, dokar lokacin ce ta hana 'yan ajin farko buga babban wasa. Ke nan ƙofar ta riga ta fara buɗewa kafin USC ta iso. Sai a tambaya: wa ya tura ta, kuma me ya sa sai a lokacin?

An haifi Bryant a 1913 a wani ƙauyen jihar Arkansas, na 11 cikin 'ya'ya 12 na wani talakan manomi. Laƙabin Bear ya samo shi ne yana yaro, da ya yarda ya yi kokawa da beyar a wani gidan wasa don 'yan kuɗi. Ya horar a Maryland da Kentucky da Texas A&M kafin ya dawo jami'arsa ta Alabama a 1958, ya zauna har 1982. Ya ci wasa 323 a rayuwarsa, ya ɗauki kambun ƙasa sau shida. Yana da wata hasumiya a filin atisaye inda yake hawa ya riƙa leƙen yaransa daga sama, da hula mai zanen dara-dara wadda har gobe magoya baya ke sanya irinta. Ranar Lahadi iyalai kan dawo daga coci su zauna gaban talabijin su ji shi yana bitar wasan jiya da muryarsa mai kauri. Duk jihar babu wanda ake jin maganarsa kamarsa, in ka cire mutum ɗaya.

Mutumin shi ne Gwamna George Wallace, wanda a bikin rantsar da shi a Janairun 1963 ya yi alwashin wariyar launin fata za ta dawwama har abada. Tun 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata, amma Alabama ta yi kunnen ƙashi. A Fabrairun 1956 Autherine Lucy ta shiga jami'ar da umarnin kotu. Kwana uku ta yi a aji, gungun masu zanga-zanga suka yi mata ruwan duwatsu da ƙwai, hukumar jami'a ta dakatar da ita, daga baya ta kore ta. Ranar 11 ga Yuni, 1963, Wallace da kansa ya tsaya a ƙofar zauren Foster don hana Vivian Malone da James Hood rajista, sai da Shugaba Kennedy ya karɓe ikon dakarun jihar sannan ya kauce. Wata uku bayan nan aka tayar da bam a cocin baƙar fata da ke titi na 16 a Birmingham, 'yan mata huɗu suka mutu. A Maris na 1965 'yan sanda suka lakaɗa wa masu macin neman 'yancin zaɓe duka a kan gadar Selma.

A tsakiyar waɗannan shekaru Bryant ya ɗauki kambun 1961 da 1964 da 1965, dukansu da 'yan wasa fararen fata zalla. Ga farar fatar Alabama, wadda duniya ke nuna wa yatsa, ƙungiyar ta zama abin ɗaga kai guda da ya rage. Bryant bai hau mumbari ya yabi wariya ba, kuma bai fito ya ce a daina ba. Shiru ya yi, shirun da ya yi wa Wallace amfani.

Masu kare shi suna da hujja, ba a ce babu ba. A Disambar 1959 ya kai yaransa Filadelfiya suka kara da Penn State, mai ɗan wasa baƙar fata, a lokacin da 'yan siyasar kudu ke ganin haka abin kunya ne. Suna cewa ma'aikacin jami'ar gwamnati ne, kasafin kuɗin jami'ar yana hannun gwamna da majalisar jiha, kuma kawo yaro baƙar fata filin Birmingham a 1963 jefa rayuwarsa cikin haɗari ne. Wannan ya karɓu a 1963. A 1967 kuma fa? A shekarar Nate Northington ya buga wa Kentucky, ya zama baƙar fata na farko a gasar manyan jami'o'in kudu maso gabas, wadda Alabama ke ciki. A shekarar dai wasu ɗalibai baƙar fata biyar, cikinsu har da Dock Rone, suka kai kansu filin atisayen Bryant ba tare da an gayyace su ba. An bar su sun yi atisaye, babu wanda ya kai ga wasan gasa. Kocin ƙwallon kwando na jami'ar, C. M. Newton, wanda bai kai rabin Bryant ƙarfi ba, shi ya riga shi: ya ɗauki Wendell Hudson a 1969.

Abin da ya motsa Bryant abu biyu ne da ake iya gani a rubuce. Na farko asara. A 1966 Alabama ta ci duk wasanninta 11, amma masu kaɗa ƙuri'ar zakara suka ajiye ta a ta uku, bayan Notre Dame da Michigan State waɗanda suka yi kunnen doki 10 da 10 a tsakaninsu. Mutanen Alabama da yawa sun ɗauka hukuncin wariya aka yi musu. Ita Michigan State ɗin, taurarinta irin su Bubba Smith da George Webster da Jimmy Raye 'ya'yan kudu ne da jami'o'in garinsu suka ƙi. Zuwa 1969 Alabama ta ci shida ta sha kashi biyar. Na biyu kotu. A Yulin 1969 ƙungiyar ɗalibai baƙar fata ta jami'ar ta maka Bryant da hukumar makaranta ƙara kan ƙin ɗaukar 'yan wasa baƙar fata. Lauyansu matashi ne, U. W. Clemon, wanda a 1980 ya zama alƙalin kotun tarayya baƙar fata na farko a Alabama. Wata biyar da shigar da ƙarar aka ɗauki Wilbur Jackson. Labarin daren Cunningham ya fi daɗin faɗa, shi ya sa ya danne sunan waɗannan ɗalibai da lauyansu, ya miƙa ladan ga wanda suka kai ƙara.

Mu ma nan ba baƙi ba ne ga irin wannan tsari, ko da namu bai kai nasu muni ba. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ta ware unguwar Turawa, aka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa. Nassarawar Kano da unguwannin da muke kira Jiyare a Kaduna da Zariya daga irin wannan tsari suka samo asali, kulob-kulob ɗinsu kuma na Turawa ne. Nnamdi Azikiwe, wanda ya ɗanɗana wariyar Amurka yana ɗalibi a Howard da Lincoln, ya kafa ƙungiyar wasanni ta Zik a Legas a 1938 don 'yan ƙasa su sami tasu. A 1947 otal ɗin Bristol na Legas ya hana Ivor Cummings, jami'in ofishin mulkin mallaka daga Landan, ɗaki saboda launinsa, aka yi ca, Gwamna Arthur Richards ya hana nuna bambanci a wuraren jama'a. A nan ma sai da aka matsa sannan mai iko ya motsa. Mazaunin Abuja kuma ya san sanya suna a filin wasa hukunci ne kan tarihi: babban filinmu da aka gina don wasannin Afirka na 2003 ya koma na Moshood Abiola a 2019, shekara 21 bayan rasuwarsa a tsare. Shi Bryant tun 1975, yana kan aiki, aka liƙa sunansa a filin jami'ar da ke Tuscaloosa, mai ɗaukar kusan mutum 100,000 a yau.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗi abin da ya biyo baya, domin nan ne mutumin ya fi kyan gani. Da ya buɗe ƙofa bai tsaya rabi da rabi ba. Kocin USC, John McKay, abokinsa ne, kuma a wata hira ya suɓuce ya gaya masa yana zawarcin wani yaro ɗan Mobile ta Alabama mai suna John Mitchell, da ke wata ƙaramar kwaleji a Arizona. Bryant ya sa aka nemo gidan su yaron, ya ƙwace shi. A Satumbar 1971 Mitchell ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa Alabama babban wasa, a Los Angeles, da USC ɗin nan dai, Alabama ta rama da 17 da 10. Shekara ta zagayo aka zaɓe shi cikin kyaftin-kyaftin na ƙungiyar. A 1973 Bryant ya ɗauke shi mataimakin koci yana ɗan shekara 21 da 'yan kai, hanyar da ta kai shi Pittsburgh Steelers inda ya ɗaga kofin Super Bowl sau biyu. Ozzie Newsome, wanda ya buga wa Bryant a tsakiyar shekarun 1970, shi ne baƙar fata na farko da ya zama babban manajan wata ƙungiya a gasar ƙwararru ta NFL, a Baltimore a 2002. Waɗannan mutane suna ambaton Bryant da girmamawa, suna cewa filinsa ba ya duba launi, aiki yake dubawa. Shaidar wanda ya zauna da mutum ba abin yarwa ba ce.

Sai dai adalcin da ya yi wa Mitchell bai biya waɗanda suka gama sakandare a Alabama tsakanin 1958 da 1969 ba. Su sai dai su hau jirgin ƙasa zuwa arewa, ko su tafi kwalejojin baƙar fata irin su Grambling da Florida A&M, inda Eddie Robinson da Jake Gaither ke horar da zarata da kuɗi kaɗan, jaridun farar fata ba sa ko leƙa su. Bryant ya rasu ranar 26 ga Janairu, 1983, mako huɗu bayan wasansa na ƙarshe, yana riƙe da tarihin yawan nasara. A 1985 Robinson ya wuce shi, ya tsaya a 408.

Jami'ar ta ci gaba da gyara sunayenta a hankali. A 2022, makonni kafin rasuwar Autherine Lucy, aka cire sunan tsohon gwamna Bibb Graves, ɗan ƙungiyar Ku Klux Klan, daga ginin da ta taɓa fakewa a ciki, aka sa nata. 'Yan wasan Alabama huɗu da suka ci kyautar Heisman ta gwarzon shekara, Mark Ingram a 2009, Derrick Henry a 2015, DeVonta Smith a 2020 da Bryce Young a 2021, duk baƙar fata ne.

Kujerar Bryant ɗin kanta labarinta daban. Sylvester Croom ɗan Tuscaloosa ne, mahaifinsa fasto ne da ya yi wa ƙungiyar limanci. Ya buga wa Bryant, ya shiga jerin gwanayen ƙasa a 1974, ya yi shekaru yana mataimakin koci a Alabama, sannan ya ƙara gogewa a NFL. A 2003 kujerar ta zama babu kowa, ya nema, aka ba Mike Shula wanda bai kai shi daɗewa a aikin ba. Jesse Jackson da wasu suka yi ƙorafi, jami'a ta ce cancanta ta duba. A Disambar shekarar Mississippi State ta ɗauke shi, ya zama babban koci baƙar fata na farko a gasar kudu maso gabas. A Nuwambar 2006 ya kawo yaransa filin da ke ɗauke da sunan maigidansa, ya doke Alabama 24 da 16. Kafin watan ya ƙare an sallami Shula, daga baya aka kawo Nick Saban, bayansa Kalen DeBoer a 2024, dukansu farar fata kamar duk waɗanda suka gabace su.