Sauya Cibiyar Atam: Shin Sinadarai Marasa Nauyi Za Su Iya Zama Ƙarafa da Gaurayensu?

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi gwaje-gwajen sauya cibiyar atam daga 1919 zuwa yau, domin tantance ko sinadarai marasa nauyi kan iya komawa ƙarafa. An gano cewa hakan na faruwa a cikin taurari, amma abin da ake samu a ɗakin gwaji bai taka kara ya karya ba. Shi kuwa gaurayen ƙarfe, lamarinsa daban ne.

1.0 Gabatarwa

Adadin furoton da ke cibiyar atam shi ke tantance sinadari: kabon na da 6, baƙin ƙarfe 26, zinariya 79. Wuta da narkarwa ba sa taɓa wannan adadi. Amma ana iya sauya shi: a 1919 Ernest Rutherford ya harbi naitirojin da ƙwayoyin alfa, sannan a 1925 Patrick Blackett ya tabbatar da hotuna cewa oksijin ne ya samu.

2.0 Daga Mara Nauyi Zuwa Ƙarfe

Cibiyoyin atam duk cajinsu iri ɗaya ne, don haka suna tunkuɗe juna, kuma tunkuɗar na ƙaruwa da yawan furoton. Sai a zafin kusan digiri miliyan 100 ne cibiyoyin hiliyum uku ke haɗuwa su zama kabon. A manyan taurari haɗuwar kan ci gaba hawa-hawa, har silikon ya ƙone a zafin kusan digiri biliyan 3 ya bayar da nikel da baƙin ƙarfe. A nan haɗuwar take tsayawa, domin daga nan haɗuwa cin makamashi take yi maimakon fitar da shi. Ƙarafa irin su zinariya ta hanyar haɗiye nutiron suke samuwa.

3.0 Sakamakon Ɗakin Gwaji

Nasarorin ɗan Adam daga maƙwabtan sinadarai suka fi zuwa. A 1937 Emilio Segrè da Carlo Perrier sun gano teknitiyum a jikin molibdinum da aka harba. A 2025 masu gwajin ALICE a cibiyar CERN sun bayyana cewa daga 2015 zuwa 2018 dalma, mai furoton 82, ta zubar da uku ta zama zinariya kusan sau biliyan 86. Jimillar nauyinta kashi 29 ne cikin tiriliyan na giram ɗaya, kuma kowace cibiya ta tarwatse kafin ƙiftawar ido.

4.0 Batun Gaurayen Ƙarfe

Gaurayen ƙarfe ba sinadari ba ne. Maƙeri kan narka jan ƙarfe da kuza ya samu tagulla, cibiyoyin atam ɗinsu na nan yadda suke. Sai dai akwai inda sauyin ke haifar da gauraye: idan nutiron ya daɗe yana dukan tongistin, wani ɓangarensa kan koma reniyum da osmiyum, ƙarfen ya yi gautsi. Wannan matsala ce ga masu ƙera bangon injin haɗa cibiyoyin atam da tongistin. Inda ake amfana shi ne silikon, wanda nutiron ke mayar da ɗan kaɗan daga cikinsa fosfaras, daidai wa daida, don kayan lantarki masu ɗaukar wuta mai ƙarfi.

5.0 Kammalawa

Sinadarai marasa nauyi na zama ƙarafa, amma a zafi da matsin da tauraro kaɗai ke iya riƙewa na dogon lokaci. Amfanin fasahar a yau yana wurin da ake buƙatar ɗan ƙanƙanin sauyi mai daidaito. Ana ba da shawarar ƙara bincike kan gautsin tongistin, domin shi zai taimaka wajen sanin tsawon ran bangon waɗannan injuna.