Santsi da Taɓo: yadda jam'iyyar PRP ta dare gida biyu a Jamhuriya ta Biyu

Santsi da Taɓo sunaye ne na ɓangarori biyu da jam'iyyar PRP ta rabu zuwa gare su a shekarar 1980, ƙasa da shekara biyu da kafuwarta a ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Kano. Jam'iyyar ta gaji aƙidar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta ƙwato 'yancin talaka daga zalunci.

A zaɓen 1979 PRP ta ci jihohi biyu daga cikin 19: Kano ta Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, da Kaduna ta Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa. Da hawansu mulki, gwamnonin biyu suka soke haraji da jangali. Jam'iyyar NPN ta Shugaba Shehu Shagari ta ci jihohi bakwai, sannan ta ƙulla yarjejeniya da NPP domin samun rinjaye a majalisar tarayya.

Tushen rikicin shi ne taron gwamnoni tara da ake kira masu ra'ayin ci gaba. Biyar daga cikinsu 'yan UPN ne ta Cif Obafemi Awolowo, biyu 'yan PRP, sauran biyun kuwa 'yan GNPP ne: Muhammadu Goni na Barno da Abubakar Barde na Gongola, jihar da daga cikinta aka fitar da Taraba mai hedkwata a Jalingo a 1991. Shugabannin PRP na ƙasa, da Malam Aminu da sakataren jam'iyyar Samuel Ikoku, suka umarci gwamnoninsu da su daina halartar taron. Gwamnonin suka ƙi, aka kore su daga jam'iyyar.

Abin da ya sa wannan rabuwa ke da wuyar sha'ani shi ne, kowane ɓangare na da'awar shi ne mai riƙe da aƙida tsantsa. Mutanen gwamnonin, waɗanda suka naɗa tsohon jagoran ƙwadago Cif Michael Imoudu shugabansu, na zargin uwar jam'iyya da sassauci da neman shiri da NPN, jam'iyyar da suke yi wa kallon ta 'yan jari-hujja da masu sarauta. A tare da su akwai malaman jami'a irin su Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya zama sakataren gwamnatin Kaduna. Mutanen Malam kuwa na cewa gwamnonin ne suka kauce, domin sun mayar da jam'iyyar talakawa 'yar amshin shatan Awolowo, kuma sun bijire wa jam'iyyar da ta ɗora su a kan kujera. A taƙaice, kowanne ya yarda a zauna da wani na waje. Saɓanin yana kan wanda za a zauna da shi, da kuma wanda ke da ikon yanke hukunci, jam'iyya ko gwamna.

Bayanin da ya fi yaɗuwa game da sunayen shi ne, an ce santsi ya kwashe waɗanda suka bi gwamnoni, su kuma suka mayar da martani cewa masu bin Malam sun maƙale a taɓo. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da ɓangaren Taɓo a matsayin halastacciyar PRP, abin da ya bar 'yan Santsi da gwamnati a hannu amma babu jam'iyyar da za su tsaya takara a cikinta.

Shekarar 1981 ta zo wa Santsi da tsanani. Majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da babban rinjaye a cikinta, ta yi ta ƙin amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, sannan ta tsige shi ranar 23 ga Yuni. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya. A Kano kuma, takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Alhaji Ado Bayero ta haddasa tarzomar 10 ga Yuli, inda aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad.

Babban ƙawancen da aka yi rigimar dominsa bai kai ko'ina ba. An kafa gamayyar PPA a 1982, amma aka kasa daidaitawa kan wanda zai tsaya takarar shugaban ƙasa tsakanin Awolowo da Dakta Nnamdi Azikiwe, kowa ya tsaya da kansa. Ita ma GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim ta rabu a kan batun. A Gongola, Barde ya sauka a 1983, mataimakinsa Wilberforce Juta ya ƙarasa wa'adin, sannan Bamanga Tukur na NPN ya ci zaɓe.

Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, watanni kaɗan kafin zaɓe. Rimi ya ajiye mulki ya koma NPP, ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren Taɓo. Ikoku, wanda ya tsaya kai da fata wajen ladabtar da gwamnonin, ya ƙare a NPN. Ranar 31 ga Disamba, 1983, sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari, suka haramta dukkan jam'iyyun.