Tauraron da Ya Shaidi Tafkin Chadi da Gawon Damagaram

A ranar 23 ga Yuli, 1972, a cikin shekarun nan da fari ya tsananta a Sahel har dabbobi suka yi ta faɗuwa a burtali, hukumar NASA ta Amurka ta harba wani tauraron ɗan'adam daga sansanin Vandenberg na Kalifoniya, wanda a 1975 aka raɗa masa suna Landsat. Wasu sun riga shi hawa, gama tun 1960 TIROS-1 ke ɗaukar hoton gizagizai, taurarin leƙen asiri na Corona kuma suna aikinsu a ɓoye; amma shi ne farkon wanda aka ƙera musamman domin duban ƙasa da gonakinta da dazuzzukanta da ruwayenta. William Pecora, masanin ma'adinai wanda ya fi kowa himma a kan lamarin, ajali ya riske shi kwanaki kaɗan kafin a harba. Na'urar da ta zama idon tauraron kuwa, Virginia Norwood ta kamfanin Hughes ce ta tsara ta, tana riskar hasken da idon mutum ba ya gani, har ta rarrabe ɗanyen ganye da wanda ƙishi ya kama.

Falalarsa mafi girma a wurina ita ce haƙuri, domin a zamanin aikinsa kowane kwana 18 yakan komo bisa wuri guda, abin da ya gani kuma a adana shi. Malaman fiƙihu sun sharɗanta wa mai ba da shaida adalci da kiyaye abin da ya gani, to wannan daftari na hotuna, wanda magadansa suka ci gaba da cikawa har zuwa Landsat 9 na 2021, ya cika sharuɗɗan biyu.

Dubi Tafkin Chadi. A 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. A 1973, da ruwan kogin Shari ya yi ƙaranci, sai ya rabu gida biyu, kudu da arewa, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuwa kusan kashi 90 cikin ɗari na sararin ruwan ya tafi, masuntan Baga suka bi shi da jiragensu, manoma suka shuka masara da wake inda a da ake jefa taru. Sai dai hotunan da suka biyo baya sun nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da janyewa ba, ruwa mai yawa yana kwance a ƙarƙashin ciyayi. Wanda ya kafa hujja da rabin shaida ya zubar da rabi, lalle bai yi wa tafkin adalci ba.

Abin da ya fi daɗaɗa mini rai ya faru ne a Nijar. Da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwama hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraro bayan shekara ta 2000, sai ya iske itatuwa sun ninku a gonakin Maraɗi da Damagaram, alhali kuwa ana ta ƙiyasin hamada ta cinye su. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, kuma talakawa ne suka yi aikin da hannunsu, suna barin tohon gawo da kalgo a lokacin sassabe, suna aske rassansa har ya zama itace, ba tare da wani babban ofishi ya lura ba.

Tun 2008 aka buɗe taskar Landsat kyauta ga kowa, Nijeriya ma ta harba nata, NigeriaSat-1, a 2003. Ya kamata jami'o'in Kano da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram su horar da ɗalibai masu karanta waɗannan hotuna, su kuma kai bayaninsu ga manomi da makiyayi da masunci cikin harshen da suke ji.