Tasha, Kango da Gona a Arewacin Kano

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Auduga Turawa suka sa ran zai riƙa kwasa, manoman karkara kuwa suka zaɓi gyaɗa. Da aka miƙa layin dogo zuwa Nguru wajen 1930, ta Jogana da Zakirai, sai tasoshi suka zama matattara: sikeli a gaba, gidaje a baya. Jama'a sun zauna inda jirgi ke tsayawa tun kafin masana su raɗa wa tsarin suna.

Gonakin wannan yanki ba a hutar da su. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarinsu a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke kai itace birni su komo da taki, har gona ɗaya ta ci gaba da ciyar da gida kaka bayan kaka.

Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa. Bayan 1986 masana'antun Bompai da dama suka rufe, suka zama kango. Abin takaici, maimakon a gina benayen haya a waɗannan filaye da ke cikin gari, sai aka koma yanka gonakin Ungogo da Dawakin Tofa ana mayar da su fuloti.

A 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Dambatta. Duk gidan da za a gina a bakin sabuwar tashar, a gonar geron wani zai tsaya.