Tarihin Abokan Saiwa: Daga Gonar Wake Zuwa Ƙasa Mai Guba

Yau za mu leƙa ƙarƙashin ƙasa ne, mu ga yadda aka gano ƙwayoyin bakteriya da ke taimakon saiwar shuka, da kuma abin da hakan ya shafa a ganyen da muke jiƙawa mu sha a matsayin magani.

Manoma sun daɗe da sanin cewa gonar da aka yi wake ko gyaɗa tana ƙara ƙarfi. Sai a 1886 wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna dalili: 'yan kumbure-kumburen da ke jikin saiwar irin waɗannan tsirrai su ne ke samar musu da sinadarin naitirojin daga iska. A 1888 Beijerinck, mutumin Holan, ya ware bakteriyar da ke zaune a cikinsu. A 1904 kuma Lorenz Hiltner ya ja hankalin masana zuwa ga 'yar ƙasar da ke manne da saiwa, inda waɗannan halittu suka fi yin cincirindo.

Maganar guba ta shigo ne daga baya. Idan shuka ta tsiro a ƙasa mai dalma, nikel ko kadmiyam, takan fitar da sinadarin etilin fiye da kima, shi kuma ya tsayar da girman saiwa. A 1978 masanan Japan biyu, Honma da Shimomura, suka gano cewa wasu ƙananan halittun ƙasa na iya farfasa sinadarin da shuka ke haɗa etilin da shi. Bernard Glick na Jami'ar Waterloo a Kanada ya ɗora aikinsa a kan wannan. A 1998 shi da abokan aikinsa suka ɗauko wata bakteriya daga gurɓatacciyar ƙasar Sudbury, garin haƙar nikel, suka shafa wa irin kanola, wata shuka da ake tatsar mai daga 'ya'yanta. Tsiron ya jure nikel fiye da wanda ba a shafa wa ba. Amma da aka auna, yawan nikel ɗin da ke jikinsa bai ragu ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Daga baya an gwada irin waɗannan bakteriya a kan tsirran magani. Wasu kan ɗaure ƙarfen a wajen saiwa, wasu kuwa narkar da shi suke yi, shuka ta ƙara zuƙa. Ke nan ganye na iya yin kore shar alhali guba na kwance a cikinsa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dalma ta wuce miligiram 10 a kowane kilo na busasshen ganyen magani.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Da aka zo gyaran ƙauyukan, kankare ƙasar sama aka yi, aka zuba sabuwa. Zogale ko tafasar da ta fito a irin wannan wuri kafin gyara, kyan ganyenta ba shaida ba ne.

Don haka duk wanda zai rubuta mana labarin wannan bincike da Hausa, kada ya tsaya a kan cewa shuka ta rayu. Ya faɗa mana inda ƙarfen ya tafi: a ƙasa ya tsaya, a saiwa, ko ya hau ganye? Mai karatunmu wataƙila ita ce uwar da za ta dafa ganyen nan ta ba ɗanta.

Sai mako mai zuwa.